Abin da Ake Tsinta a Jazira

Jazira, cikin watan Rajab, 1383

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Wada ɗan Ringim zuwa ga taubashiyata Sa'adatu, mai ƙosai a Utaibiyya, cikin Makka mai alfarma. Sallama da gaisuwa, da tambayar lafiyarki da ta iyali. Ni dai ina nan da rai, alhamdu lillahi, sai ido da ya fara yi mini gardama.

Zauna kafin ki ci gaba da karatu, don na san ki da faɗuwar gaba tun muna makarantar allo. Ni ne Wada jikan Ɗaso, ƙanwar kakanki. Ban mutu ba.

Kin tuna ranar da muka bar gaɓar Sawakin ta ƙasar Sudan za mu tsallaka zuwa ƙasa mai tsarki, ƙasar kabarin matata Hure ko bushewa ba ta yi ba. Jirage biyu ne. Kika shiga na farko da 'yata Ummulkhairi a hannunki, ni na shiga na biyu. Iska ta raba mu. Abin da ya biyo baya ba na takarda ba ne. Ƙarshensa dai na tsinci kaina a Jazira, aka kuma ce mini jirginku ya nutse da kowa da kowa. Na yi muku salla da addu'a shekara goma sha biyar.

Sai bana wani Bahaushe mai fataucin busasshen kifi ya je Umara, ya dawo yana yabon ƙosan wata Sa'adatu 'yar Ringim. Ya ce akwai wata budurwa mai taya ta suya, wadda aka ce uwarta ta rasu a Sawakin, ubanta kuma teku ta ci. Da ya faɗi sunan yarinyar, na riƙe hannunsa na ce, ai 'yata ce.

Ga buƙatata. Idona na dama ya tafi, na hagu yana ɗaure kaya. Ina so in ga fuskar 'yata da ɗan abin da ya rage. Ba ni da takardar tafiya, ba ni da jagora. A kawo mini ita Jazira, ko da wata guda ne.

Amsa a kai wa Salihu mai shayi a bakin tashar jiragen ruwa ta Jidda, ya san wanda zai ba.

Maganar ƙosan nan kuwa ban gaskata ba. Wanda na sani a Ringim da shi ake jifan ƙadangare, sai in Makka ce ta gyara miki hannu.

Wassalam,
Wada.

*

Makka, Utaibiyya, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga bawan Allah da ya rubuto mini da sunan Wada.

Wa alaikumus salam. Amsa sallama wajibi ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Muna lafiya. Mai gidana Malam Mahmudu ya cika shekara huɗu da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Ɗana Awwalu yana jan mota tsakanin nan da Jidda, shi ya kawo mini takardarka. Allah Ya ba idonka lafiya, ko kai wane ne.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba da nufin cin fuska ba ne. Wannan ba hannun Wada ba ne. Allo ɗaya muka wanke da shi, na san yadda yake jan wutsiyar wasali kamar zai faɗa layin ƙasa. Duk kuma abin da ka zayyana, Sawakin, da Hure, da jirage biyu, babu wanda ba a sani ba a layinmu. Mai sayen ƙosan kwabo ma ya sani. Wasan taubasai kuwa kowane Bahaushe ya iya.

Labarin da ya iso mu a wancan lokaci shi ne masu gadin gaɓa sun mayar da jirgi na biyu baya, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. In Wada yana raye, me ya ɗaure masa baki tsawon wannan zamani?

Mu a nan mun ga abubuwa. Mun ga takarda ta zo da sunan uba ko kawu, an ɗauki yarinya an bi takardar, ba a sake ganin ko ɗankwalinta ba. Ban ce kai irinsu ne ba. Allah Ya hana mu mummunan zato. Amma bai hana mu bincike ba.

Saboda haka ga tambayoyina, ka amsa su yadda mazaunin wuri zai amsa. Yaya ƙasar Jazira take, me ke gabas da ita, me ke yamma? Wane ruwa kuke sha? Mutanenta nawa ne, su wane ne, Hausawa suna da yawa? Me ake tsinta da hannu a can in lokacinsa ya zo, har mata da yara su fita? In baƙo ya zo, me ake kai shi ya gani?

Game da yarinyar da ka ambata, ba zan ce tana nan ba, ba zan ce ba ta nan ba.

Allah Ya nuna mana azumi lafiya.

Sa'adatu.

*

Jazira, tsakiyar azumi

Zuwa ga Sa'adatu, alƙalin alƙalai.

Barka da shan ruwa. Allah Ya jiƙan Malam Mahmudu, mutum ne mai sanyin hali, shi ya sa ya iya zama da ke. Jikina da sauƙi. Idon nan da safe yakan gane fuska in ta matso, da rana sai inuwa.

Hannu ba nawa ba ne, gaskiyarki. Malam Hadi ne, limamin 'yan uwanmu na nan, ni ina faɗa yana rubutawa. Shirun kuma ga dalilinsa, tunda sai kin ji. Wanda ya tsince mu a teku ya miƙa ni ga wani mai jirgin lu'ulu'u, wannan ya ce ya saye ni. Na yi masa nutso har gishiri ya cinye mini ido. Ban mallaki kaina ba sai bara, da hukuma ta ce babu sauran bawa. Wa zan rubuta wa, bayan an ce mini duk kun mutu?

To, ga Jazira. Ruwa ne gabas, ruwa ne yamma, kudu da arewa ma ruwa, kuma duk na gishiri. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, farin dutse ne mai ramuka wanda ke yanka ƙafa. Babban garin sunansa Farasan. Akwai wasu ƙauyuka, wasu sai an shiga kwale-kwale. Ruwan sha na rijiya ne, wata da ɗan zartsi, wata garɗi. Mafi daɗi yana wani ƙauye mai dabino da ake kira Ƙassar, inda mutanen gari ke komawa da zafi, su bar gidajensu a kulle.

Mutane ba wanda ya ƙirga su a gabana. Malam Hadi ya ce 'yan dubbai ne, ba su kai cikar kasuwar Ringim uku ba. Larabawa ne masunta da masu nutso, da 'yan tsirarun makiyayan awaki da raƙuma. Mu Hausawa gida bakwai ne, in kin haɗa da ni da ba ni da gida, sai ɗaki a bayan masallaci.

Tambayarki ta abin da ake tsinta da hannu ta ba ni dariya, don kamar kin sani. Kifi ne! Sunansa harid, mai baki kamar na aku. Sau ɗaya a shekara, in zafi ya fara shigowa, sai ya taso garke guda ya shigo wani lungun ruwa marar zurfi. A kewaye shi da raga da rassan itace, babba ya ba da izini, sai gari duka ya ruga cikin ruwa. Kowa ya cusa a riga, a zani, a hula. Ranar nan amaren shekara ake fara kai wa. Ana waƙa, ana kiɗa, ba mai kwana da yunwa.

Baƙo kuwa, ana kai shi ya ga gidajen tsofaffin attajiran lu'ulu'u, bango duk zane kamar an saƙa tabarma da farar ƙasa, tagogi da gilashi mai launi. A kai shi tsohuwar ganuwar Turkawa a kan tudu. Da sassafe ya ga bareyi suna kiwo daf da gari, ƙanana, ba su cika tsoron mutum ba. Akwai kuma kurmin da ke tsirowa a cikin teku, kwale-kwale ke ratsa shi, tsuntsaye fal. In Ummulkhairi ta zo, duk zan kai ta, ita ta riƙa gaya mini abin da muke gani.

Ga ƙullin busasshen kifi nan na haɗo, ku yi miyar buɗa-baki. Na amsa miki duka. Ke kuwa abu ɗaya na roƙa, ba ki amsa ba.

Wada.

*

Makka, bayan ƙaramar salla

Zuwa ga mai takarda.

Sallama. Mun yi salla lafiya. Zan taƙaita.

Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Ka yi rashin sa'a da wadda ka rubuto wa. Shekara uku na yi a Jazira, can ƙasar Sudan, ni da Malam Mahmudu, muna tara guzurin hanya, kafin Wada da Hure su iso mu a Sawakin. Har yanzu akwai tabon ƙwaryar auduga a yatsuna. Abin da ake tsinta a Jazira auduga ce, fara fat har iya ganinka. Da gangan ban ambace ta ba, don in ji ko za ka faɗa. Sai ka ce kifi.

Ruwa gabas da yamma, wannan ka ji an faɗa, don koguna biyu ne suka sa ta a tsakiya. Amma na sha su duka, ba gishiri ko ƙwaya. Hausawa gida bakwai? A Jazira akwai garuruwan da in ka yi sallama da Larabci sai a amsa maka da Hausa. Na tambayi wata tsohuwa da muka yi tsinta tare, ba ta taɓa jin wani gari Farasan ba, daga Madani har Sinnar. Lu'ulu'u kuma a cikin magudanar gona? Maganar 'yanta bayi ma a ƙasar nan aka yi ta bara, ba a Sudan ba. Ka aro ta ne ka liƙa, don zuciyata ta karye. Ta kuwa kusa karyewa, ban ɓoye maka ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ban san me kake nufi da yarinyar mutane ba. Amana aka ba ni, wanda ya ba ni kuma ba ya nan balle ya yafe mini in na yi sakaci. Gobe ƙiyama zan tsaya gabansa.

Kifinka ban ci ba, don ban san halaccinsa ba. Ban zubar ba, don abinci ne. Na rataye shi a rumfa har Allah Ya kawo mai mayar maka.

Sunan mamaci ba abin wasa ba ne. Kada ka ƙara rubuto mini da shi.

Sa'adatu.

*

Jazira, Zulƙi'ida

Sa'adatu,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Iska ta hana jirage tashi tun bayan salla, to ko takardarki tana hanya ban sani ba. Wannan ma wani masunci na roƙa ya fita da ita.

Ba zan yi miki wasa yau ba. Na sa Malam Hadi ya sake karanta mini takardarki ta Sha'aban har ya gaji. "Ba zan ce tana nan ba, ba zan ce ba ta nan ba." Mutum ba ya faɗin haka a kan yarinyar da ke zaune lafiya a gabansa. Kika tsare ni da tambayar rijiyoyi da bareyi, kamar mai jan lokaci.

Me ya sami 'yata? In ta mutu, faɗa mini, na saba da wannan labarin. In kin ba da ita aiki gidan wasu a shekarun yunwa, faɗa mini, na san abin da yunwa ke sa mutum. In kuwa tana nan, kin dai saba da ita ne ba kya son a raba ku, to wannan ma faɗa mini. Ban ce a ba ni ita ba. Gani na ce.

Da safe yanzu sai fuska ta zo daf da hancina. Ba ni da lokacin da kike ja.

Wada.

*

Makka, farkon Muharram, 1384

Zuwa ga mutumin Farasan.

Sallama da gaisuwa, da fatan idon bai ƙara nisa ba. Mun fita aikin Hajji lafiya, mun yi ta suya a Mina har hannu ya kumbura. Takardarka ta Zulƙi'ida ta same ni, na kuma gane ba ka ga tawa ta bayan salla ba lokacin da ka rubuta. In ta iso, ina roƙon Malam Hadi ya karanta maka wannan tukuna.

Abin da ya faru ke nan. Shekaranjiya muna tsintar wake a rumfa ni da Ummulkhairi, sai ta ɗaga kai ta ce, "Inna, kifin nan fa? Tun azumi yake rataye, kyanwar maƙwabta har ta mayar da gidanmu nata."

Na ce ba namu ba ne, wani ne ya aiko, ya ce daga Jazira.

Ka san 'ya'yan nan da suka tashi a nan, Larabci ne a bakinsu, Hausa sai sun juyo gare mu. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ayyi jazira? Wace daga ciki?"

Na ce Jazira nawa ce a duniya?

Ta yi dariya ta ce, "Haba Inna, ai bahar cike yake da su. Duk ƙasar da ruwa ya kewaye jazira ce. Wannan ma kifin bahar ne, dubi bakinsa."

Wake ya zube daga cinyata. Wallahi na san kalmar. Na sha jin ta a bakin Larabawa. Amma duk wanda ya biyo hanyar Sudan da ƙafarsa, in aka ce Jazira wuri ɗaya yake gani, kamar yadda in aka ce Birni mutumin Ringim ba ya tambaya wanne. Tsibiri kake nufi, kai kuma Hausarka ta sha gishiri ba ka ce tsibiri ba. Na yi maka tambaya biyar, na bar wadda ta kamata.

Na tura Awwalu Jidda. Salihu mai shayi ya ce mai karɓar takardun nan kudu yake yi, wajen Jizan, bai taɓa nufar Sudan ba. Wani matuƙi a wurin ya ce ya san Farasan, ya ci harid, ya ga bareyin.

Saboda haka na ce maka maƙaryaci a kan abin da ba ka yi ƙarya ba. Na nemi gafarar Allah, ina neman taka.

Ummulkhairi tana nan. Lafiyarta ƙalau. Doguwa ce, da wushirya irin ta Hure. Ta sauke Alƙur'ani a hannuna, tana zuwa makarantar 'yan mata da aka buɗe, ta iya ɗinki. Ban ba da ita aiki gidan kowa ba, ko shekarar da muka ci garin sha'ir da ruwa. Ta san ba ni na haife ta ba, ban taɓa ɓoye mata ba. Abu na uku da ka zarge ni da shi kuwa, na kwana biyu ina tambayar zuciyata. Ba zan rantse babu shi ba.

Amma ka yi mini uzuri, har yanzu ban gaya mata komai ba, kuma ban kira ka da sunan da ka ce naka ba ne. Tsibirin gaskiya ne, wannan na yarda. Sai dai maƙaryaci ma yana iya zama a tsibirin gaskiya. Ba zan ce wa marainiya ubanta ya tashi ba, sannan in sake binne mata shi.

Saura tambaya ɗaya, ba ta kasuwa ba ce. Na gaya wa kowa Wada ya ba ni 'yarsa amana a bakin ruwa. Ban taɓa faɗa wa kowa abin da ya ce ba, ko Malam Mahmudu, don kada a yi wa mamaci dariya. Me ya sa ba ka shiga jirgin farko ba? Me ka ce da ka miƙo mini ita, ni kuma me na ce?

Sa'adatu.

*

Farasan, tsibiri, cikin teku, ba gonar auduga ba
Safar

Sa'adatu,

Sallama. Takardunki biyu jirgi ɗaya ya kawo su. Malam Hadi mutum ne mai bin tsari, ya fara da ta farko. Da ya kai "kada ka ƙara rubuto mini", na ce ya tsaya, na juya fuska bango. Shi ne ya ce, Wada, akwai wata. Da ya karanta wurin wushirya, sai da na sa ya maimaita mini sau uku.

Auduga! Allah Ya shirye ki. Da na san jarrabawa ce da na tambayi darasin.

Na yafe. Da kin miƙa ta ga takardar farko da ta zo, da ban yafe ba.

Ga amsarki. Muna cikin ruwa iya gwiwa, ana tura mutane jirgi, sai na tuna na bar salkar ruwanmu rataye a jikin wata ƙaya a tudu. Tsohuwar salka ce mai faci biyu, amma Hure ce ta ɗinke ta. Na miƙa miki yarinyar na ce, "Riƙe mini ita in ɗauko salka, kada ki bari ta tsotsi layar wuyanki." Kika ce, "Yi sauri, ni ba baiwar gidanku ba ce." Kafin in juyo mai jirgi ya ɗaga.

Wannan maganar taki na sha tuna ta a ƙarƙashin ruwa, da igiya a ƙuguna. Sai in ce, ka ji, Sa'adatu ta ƙi bauta, ga wanda ta faɗa wa yana yi. In yi dariya ni kaɗai har in shaƙi gishiri.

Harid ya zo ya wuce bana, na tsaya a gaɓa ina jin ihun mutane. Kada ku jira na baɗi. In da hali ku iso da safe.

Wada.

*

Makka, Safar

Zuwa ga taubashina Wada jikan Ɗaso, sarkin mantuwa.

Sallama. Muna lafiya. Na gaya mata. Ta yi kuka da Larabci, ta yi da Hausa, yanzu tana ɗinka maka riga ba ta san tsawonka ba. Na ce ta rage, ba ka taɓa cika ido ba.

Awwalu ya yi magana da mai jirgin da ke kawo takardunka, zai tashi bayan Juma'a, da mu uku a ciki. Na roƙe shi ya sauke mu da hantsi.

Tun ranar da na taka gaɓar nan na rantse da Allah ba zan ƙara shiga jirgin ruwa ba. Jiya na yi kaffara, na ciyar da miskinai goma har suka ƙoshi. Da ƙosan da ka raina na haɗa musu, ba wanda haƙorinsa ya fita. Kifinka ma mun ci, kyanwa ta samu kai.

Ka ce in riƙe maka ita ka ɗauko salka. Na riƙe. Layar ma ba ta tsotsa ba, sai sau ɗaya. Hannuna ya gaji, Wada. Ka fito bakin ruwa ka karɓi abarka, ka kuma zo da salkar, in ga abin da aka bar ni tsaye dominsa.

Taubashiyarka,
Sa'adatu.